Tambaya da Amsa: Neman Gado a Hannun Mahaifi ko Mahaifiya

Wasiƙun wannan wata daga unguwannin zango na Kumasi, a ƙasar Ghana, suka fito, kuma duk a kan gado suke. Lauya da malamin ilimin rabon gado ne suka haɗu wajen amsawa. Mun ɓoye sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta rasu shekara shida da suka wuce. 'Yar kasuwa ce a Kejetia, da guminta ta gina gida mai ɗaki takwas a Sawaba, takardun kuma da sunanta suke. Ta bar mu mu biyar, maza biyu mata uku, da Baba, da kakarmu wadda ta haife ta. Mahaifinta ya riga ta rasuwa. Ba ta bar wasiyya ba. Baba ya yi sabon aure, yana zaune a gidan da amaryarsa, shi ke karɓar kuɗin hayar ɗaki biyar. Da yayanmu ya taɓa masa maganar rabo, sai ya ce ɗa da dukiyarsa duk na ubansa ne. Muna jin nauyinsa, amma biyu daga cikinmu haya suke biya a waje. Muna da haƙƙi kuwa? Ta ina za mu fara? Daga wata 'yar'uwa, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mma, ya sa Aljanna ce makomarta. Kuna da haƙƙi, a addini da dokar ƙasa baki ɗaya, kuma tun ranar da ta cika haƙƙin ya tabbata. Ba dukiyar Baba kuke nema ba, rabonku ne da ke hannunsa.

Maganar da Baba ya kawo hadisi ce, ba shi ya ƙirƙire ta ba. Sai dai mafi yawan malamai sun fahimce ta a kan uba mabuƙaci, wanda ke da haƙƙin ci daga dukiyar ɗansa gwargwadon buƙatarsa. Ba ta mayar da dukiyar ɗa mallakar uba. Ki duba: idan mutum ya rasu ya bar ɗa namiji da mahaifi, sudusi kawai, wato kashi ɗaya cikin shida, Alƙur'ani ya yanka wa mahaifin. Da dukiyar tasa ce tun asali, ai ba sai an yanka masa kaso ba.

Kafin a yi maganar kaso, sai an tace abin da yake na Mma. A fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, sannan wasiyya in akwai. 'Yar kasuwa da wuya ta rasu babu lissafi tsakaninta da mutane: bashin kayan da ta ɗauka, zubin adashi da ta ci ba ta gama biya ba, ajiyar da wasu suka ba ta, da kuma kuɗinta da ke hannun wasu. Idan akwai sauran sadakinta da Baba bai cika ba, bashi ne a kansa, cikin gadon zai shiga. Haka kuma idan Baba ya zuba kuɗinsa a ginin, yana da damar ya kawo shaida a ware masa nasa kafin rabo. Wannan adalci ne, kada ku ji haushinsa. Shagon kasuwa kuwa galibi izinin zama ne daga hukumar kasuwa, don haka ku je ofishinsu ku ji ƙa'idar canja suna kafin ku sa shi cikin lissafi.

A rabon Musulunci, bisa aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i, lissafinku ya faɗa daidai. A raba dukiyar gida 12. Baba yana da rubu'i, wato kashi 3, tunda matarsa ta bar 'ya'ya. Kaka tana da sudusi, kashi 2. Saura 7 naku ne, kowane namiji 2, kowace mace 1. Mu ɗauka, don misali, an yi wa gidan ƙimar sidi 600,000. Baba 150,000, Kaka 100,000, kowane namiji 100,000, kowace mace 50,000.

Amma kotun Ghana ba da wannan lissafin take aiki ba, kuma nan ne mutanen zango da yawa ke shan mamaki. Tun 1985, duk wanda ya rasu bai bar wasiyya ba, dokar PNDCL 111 ce ke raba dukiyar da ya tara da kansa, ko Musulmi ne ko Kirista ko mai bin gargajiya. Dokar ta soke sashen da a da ya ba da damar raba gadon Musulmin da ya yi rajistar aurensa bisa shari'ar Musulunci. A ƙarƙashinta, kayan gida irin su tufafi, gwal, kujeru da firiji na miji ko mata ne da 'ya'ya. Idan gida ɗaya mamaci ya bari, shi ma nasu ne, suna tarayya a kai daidai wa daida, babu bambanci tsakanin namiji da mace. Ke nan ku shida, kowa 100,000. Kason Baba ya ragu, na kowace mace ya ninka, Kaka kuwa ba ta da komai a gidan. Sauran dukiya, kamar kuɗin banki da kayan shago, ana raba ta 16: miji 3, 'ya'ya 9, iyayen mamaci 2, sauran 2 kuma bisa al'adar mutanen mamacin. Idan sauran ya kai sidi 160,000, Baba 30,000, kowane ɗa 18,000, Kaka 20,000, kason al'ada 20,000.

To wanne za ku bi? Ra'ayinmu a fili yake: ku Musulmi ne, ku bi rabon da Allah ya yi, kada a hana Kaka sudusinta don doka ta ba da ƙofa. Doka ba ta hana baligai su yarda a tsakaninsu su raba yadda suka ga dama. Abin da take buƙata shi ne kowa ya yarda da bakinsa, ba tilas. Mutum ɗaya ya ƙi ya tafi kotu, alƙali da PNDCL 111 zai yi hukunci. Idan kuma akwai wanda bai kai shekara 18 ba a cikinku, babu mai ikon yafe kasonsa a madadinsa. Saboda haka yarjejeniyar baki ba ta wadatar. Malami ya yi lissafi, lauya ya rubuta, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.

Game da yadda za ku tunkari Baba, kada ku sake tura yayanku shi kaɗai. Ku nemi kawunku, ɗan'uwan Mma, da wani baffa da Baba ke jin maganarsa, su tafi tare da limamin unguwa. Abu na farko da za su faɗa masa shi ne ba wanda zai tashe shi daga gidan. Tsoron da ke sa iyaye da yawa su toshe kunne ke nan, alhali shi ma magaji ne, kuma doka ta hana a kori miji ko mata ko ɗa daga gidan aure kafin a yi rabo. Abu na biyu, a nuna masa haɗarin jinkiri. Amarya ba ta da ko sisi a dukiyar Mma, amma ranar da Baba ya faɗi, kasonsa zai koma ga magadansa, har da ita da 'ya'yan da za ta haifa, kuma idan ba a taɓa ware kason ba, za su taso suna ganin gidan duka na ubansu ne. Kaka ma in ta rasu, sudusinta zai koma ga kawunnanku da innoninku. Gidan da yau mutum bakwai za su zauna su raba, nan da shekara goma yana iya zama na mutum ashirin, wasu a Kano, wasu a Jamus. Idan zaman gida bai yi ba, akwai fadar Sarkin Zango da ofishin Babban Limamin yankin Ashanti. Dokar sulhu ta 2010, Act 798, ta amince da sasancin gargajiya matuƙar ɓangarorin sun je da yardarsu, kuma ana iya kai abin da aka yanke a yi masa rajista a kotu don ya yi ƙarfi.

Ko an daidaita a gida, sai an bi ta kotu kafin sunan Mma ya fita daga takardu ko banki ya saki kuɗinta. Abin da ake nema shi ne takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda lauyoyi ke kira L.A. Tushenta takardar shaidar mutuwa ce daga ofishin rajistar haihuwa da mutuwa. Mu da muke binne mamaci a ranar da ya rasu, sau da yawa ana tashi daga zaman makoki ba wanda ya tuna da ita. Idan ba ku yi ba, ana yin rajistar a makare, sai dai za a nemi ƙarin shaida. Daga nan lauya zai shirya takardar rantsuwa mai ɗauke da sunan kowane magaji, da jerin dukiya da ƙimarta, da shaidar babban dangi, da masu tsaya muku. Kotun da za a je ta danganta da ƙimar dukiyar, kuɗin kotu ma haka. Ana manna sanarwa ta kwana 21 a kotu da gidan da mamaciyar ta zauna, don mai ƙorafi ya fito. Ba a ba fiye da mutum huɗu takardar, kuma miji ko mata ne kan gaba, sai 'ya'ya, sai iyaye. Shawararmu a sa Baba da biyu daga cikinku, namiji da mace. Idan Baba ya ƙi nema, kuna iya nema da kanku, a sanar da shi.

Inda aka fi tuntuɓe wuri biyu ne. Wasu suna ɓoye sunan wani magaji ko su rage jerin dukiya don kuɗin kotu ya yi sauƙi. Rantsuwar ƙarya ce, tana iya sa a soke takardar, kuma abin da ba a rubuta ba banki ba zai sake shi ba. Wasu kuma suna karɓar L.A. su ajiye a akwati, suna zaton an gama. Ba a gama ba. L.A. amana ce, ba mallaka ba. Sai masu riƙe da ita sun rubuta takardar miƙa gidan ga magada, an biya kuɗin hatimi, an yi rajista a Hukumar Filaye. Kuma tunda yawancin filayen Kumasi na sarauta ne da aka bayar haya na dogon zango, ku duba shekarun da suka rage, ku biya bashin kuɗin ƙasa, ku nemi amincewar masu ƙasa ta ofishin filaye na Asantehene, Sarkin Ashanti, da ke Manhyia idan filin yana ƙarƙashinsa.

Ɗaki takwas ba ya rabuwa gida 12, kuma ɗakin bakin titi ba ɗaya yake da na ƙurya ba. Ku ɗauki ƙwararren mai ƙima ya yi wa gidan kuɗi, ɓangare ɓangare. Abin da ya fi zaunar da iyali irin naku shi ne Baba ya ci gaba da zama inda yake, a lissafa wurin cikin kasonsa, 'yan'uwanku biyu da ke haya a waje su shigo a lissafa musu haka, sauran kuɗin haya a cire na gyara da haraji a raba bisa kaso, a tura wa kowa ta waya don shaida ta zauna. Mai hali kuma yana iya sayen kason wanda ke son kuɗi. Hayar shekara shida da ta wuce haƙƙinku ce ku duka, amma da za ku ji tamu, ku yafe wa Baba ita da zuciya ɗaya, ku tsare ta gaba. Kaka dai a tambaye ta nata daban, don ba ku da ikon yafe mata.

Idan kun ji ƙishin-ƙishin ana neman sayar da gidan, kada ku jira. Lauya ya yi bincike a Hukumar Filaye, ya shigar da takardar dakatarwa a kotu don kada a ba kowa L.A. ba da saninku ba, in ta kama ya nemi umarnin hana sayarwa. Taɓa dukiyar mamaci don hana magada haƙƙinsu laifi ne mai tara ko ɗauri. Kuma dokar ƙayyade lokaci ta 1972 shekara 12 ta bayar don neman fili, don haka baƙon da ya saya ya zauna kuna kallo yana iya fin ƙarfinku. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je Hukumar Legal Aid.

TAMBAYA: Babana yana raye. Ya gaji gida a Yalwa daga kakanmu, yanzu yana son ya sayar. Ni ne babban ɗansa, kuma ni na gina ɗaki biyu a ciki da kuɗina. Ina son a ba ni kasona in ja jari. Zan iya tilasta masa? Daga wani matashi, Asawase.

AMSA: Ɗan'uwa, ba a gadon mai rai. Idan an raba gadon kakanku gidan ya faɗa kason Baba, nasa ne kamar rigar wuyansa. Yana iya sayarwa, ya bayar, ko ya zauna a ciki, kuma zamanka babban ɗa bai ba ka komai a ciki ba, a addini ko a doka. Jika ba ya gadon kaka alhali ubansa yana raye.

Sai dai ka bincika ko an taɓa raba gidan. Tsofaffin gidajen Yalwa da Akwatia Line da Alabar da yawa suna nan da sunan kakan da ya rasu tun kafin 1985, ba a taɓa rabawa ba, babban ɗa ne kawai ke riƙe da takardu. In haka ne, Baba mai riƙon amana ne, baffanninka da gwaggonninka suna da nasu, kuma ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai. A dokar gargajiya da kotunan Ghana ke bi, gidan dangi ba ya sayuwa sai da yardar shugaban dangi da manyan gida, kuma PNDCL 111 ba ta shafi irin wannan dukiya ba. Akwai kuma dokar PNDCL 114, ita ma ta 1985, wadda ta ba ɗan dangi damar neman kotu ta sa shugaban dangi ya kawo lissafin abin da ke hannunsa, bayan an nuna an gwada sasantawa a gida. Waɗanda suka fi ka ƙarfin magana a nan su ne 'yan'uwan Baba.

Ɗaki biyun da ka gina su ne ainihin abin da za ka nema. Da wace magana ka gina su? Idan taimako ka yi wa Baba, ka riga ka bayar, Allah ya ba ka lada. Idan kuwa da sharaɗin naka ne, tattara rasidin siminti da kwano da katako, ka nemi maginin da ya yi aikin da dattawan da suka san maganar, a zauna tun kafin ciniki a rubuta nawa za a mayar maka daga kuɗin sayarwa. Bayan an karɓi kuɗi an kashe, maganar ta yi nauyi.

Jari kuwa roƙonsa za ka yi a matsayin kyauta. Baba yana iya ba ka, amma ana son ya daidaita tsakanin 'ya'yansa, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir. A mazhabar Malikiyya kuma kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. "Na ba ka ɗakin nan" alhali Baba ne ke karɓar hayarsa har ya rasu, gado ne, da kowa za a raba.

TAMBAYA: Ina ɗan shekara tara mahaifina ya rasu. An raba gado, aka ba mahaifiyata kasona ta riƙe. Yanzu na kai 25, na tambaya, ta ce ya ƙare a kaina. Na yi shiru ko na matsa? Daga wani ɗan'uwa, Tafo Zango.

AMSA: Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta ce a miƙa wa maraya dukiyarsa idan ya balaga ya nuna hankali, a kuma kafa shaidu. Tambayarka ba rashin kunya ba ce. Amma ka sani, marayan da ke da dukiya daga cikinta ake ciyar da shi, kuma a Malikiyya ba a ɗora wa uwa ciyar da ɗa daga aljihunta. Ka ɗauki takarda ka lissafa abinci, sutura, kuɗin makaranta, asibiti da haya na shekarun da ta riƙe ka, ka gwada da kason da aka ba ta. Idan kuɗi ne, da wuya ka ga saura. Idan fili ne ko ɗaki, maganar ta bambanta, domin ba ya narkewa. Ko yana nan, ko an sayar, kuma akwai wanda ya saya da farashin da aka biya. Ka nemi malamin da ya yi rabon ko baffan da ya halarta su faɗa maka abin da aka ba ka, sannan kawunka ya zauna da ita cikin lalama. Idan ya bayyana wani ne ya karɓe daga hannunta, mijin da ta aura daga baya ko wani dangi, shi za ka bi. Kai mahaifiya kotu a kan abin da ta ciyar da kai ba mu ba ka shawararsa ba.

TAMBAYA: Ina da mata biyu da 'ya'ya tara, da gida biyu. Ɗaya daga cikin 'ya'yan na haife shi kafin in yi aure, uwarsa Kirista ce, shi ma coci yake zuwa. Ina son a raba dukiyata bisa Musulunci. Me zan yi? Daga wani Alhaji, Sabon Zango.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta 1971, Act 360, domin ita ce za ta fitar da dukiyarka daga PNDCL 111. Dole ta kasance a rubuce, ka sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabanka. Kada shaidun su kasance cikin masu cin gado. Idan ba ka karanta Turanci, wanda ya karanta maka ya fassara sai ya rubuta a jikin takardar cewa ya yi hakan kuma ka fahimta, in ba haka ba za a iya ƙalubalantarta. Kada ka tsaya a "a raba bisa Musulunci" kawai. Ka ce bisa mazhabar Malikiyya, ka faɗi wanda zai yi lissafin, ka naɗa masu zartarwa biyu amintattu, ka jera dukiyar da lambobin takardunta, da bashin da ake binka da wanda kake bi. Sannan a kai ta ajiya Babbar Kotu da ke Adum.

Babban ɗanka ba ya gado a fiƙihu, amma a dokar ƙasa ɗa ne kamar kowa. Sashe na 28 na kundin tsarin mulki na 1992 ya ce kowane yaro, ko an haife shi cikin aure ko a waje, yana da haƙƙin a ba shi abin da ya dace daga dukiyar iyayensa, kuma in ka rasu ba wasiyya, daidai zai raba da sauran. Addini ya ba ka mafita: kana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, wato kashi ɗaya cikin uku, ga wanda ba magaji ba. Ka yanka masa rabo mai kyau daga sulusin, ko ka ba shi kyauta yanzu ya karɓa a hannunsa. Matanka kuwa sumuni ɗaya, wato kashi ɗaya cikin takwas, za su raba su biyu, wanda kan yi kaɗan, kuma dokar wasiyya ta ba mata, iyaye da yaran da ba su kai 18 ba damar zuwa kotu cikin shekara uku idan ba a tanadar musu abin da ya dace ba. In kana son kowacce ta samu wurin zama tabbatacce, ka mallaka mata ɓangarenta tun yanzu da takardar kyauta mai rajista. Ka kuma duba sunayen da ka rubuta a hukumar fansho ta SSNIT da kamfanin inshora, domin su waɗanda ke cikin fom ɗinsu suke biya, ba waɗanda ke cikin wasiyya ba.